Injin busar da kayan gwari mai kwamfiresa: ruwa nawa yake cirewa, kuma ya dace da Legas?

"Assalamu alaikum Injiniya. Ni ɗan kasuwa ne a kasuwar Mile 12 da ke Legas, ina harkar kayan gwari: tumatir da attarugu da tattasai da albasa. Duk sanda kaya suka yi yawa asara muke tafkawa, shanya kuma ba ta yiwuwa a nan saboda danshi da ruwan sama. Wani ya kawo mini tallar injin busarwa da ake kira hit-fam, ya ce yana ɗaukar kilo 200, kuma ba ya shan wuta kamar mai hita. Don Allah yaya yake aiki, awa nawa kaya ke yi kafin su bushe, kuma zai fitar da kuɗinsa?"

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ba da kasuwa mai albarka. Abin da kake son sani uku ne: yadda injin yake aiki, saurin da yake raba kaya da ruwan jikinsu, da ko ribar za ta biya kuɗin inji da na wuta. Kafin in shiga ko ɗaya, bari in taɓa maganar kilo 200 ɗin nan, domin a nan ne mutane da yawa suke yin sayen da-na-sani. Kilo 200 girman ɗakin injin kawai yake gaya maka, wato yawan farantan da za a jera a ciki. Aikin injin kuwa cire ruwa ne. Saboda haka lambobi biyu za ka nema daga bakin mai talla: lita nawa na ruwa yake fitarwa a awa ɗaya, sannan lita nawa yake fitarwa da kowane yunit ɗaya na wuta, irin yunit ɗin da kake saye a mita. Inji mai babban ɗaki da ƙaramar kwamfiresa zai karɓi kilo 200 ɗinka lafiya lau, sai dai tumatirin zai yi tsami kafin ya bushe.

Abin da ya sa shanya take gagara a nan

Kauɗar tumatir da busasshen tattasai da ake kawowa daga Kano da Zariya, iskar can ce take busar da su tare da rana. A hunturu danshin iska a Kano yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. A Legas kuwa, musamman daga Afrilu zuwa Oktoba, ba abin mamaki ba ne ya wuce kashi 80. Iska mai zafin digiri 30 da danshi kashi 80 tana ɗauke da kusan giram 22 na ruwa a kowane kilo nata, alhali iyakar abin da za ta iya riƙewa a wannan zafin bai wuce giram 27 ba. Ta kusa ƙoshi ke nan tun kafin ta taɓa kayanka. Shi ya sa attarugun da aka baza a kan buhu a Ketu yake kwana uku yana laushi, sai fumfuna ta kama shi daga ciki. Fumfunar barkono kuma ba ta tsaya ga ɓata launi ba, wasu nau'o'inta suna barin gubar aflatoksin, wadda girki ba ya kashe ta.

Maganin da aka saba shi ne a dafa iskar da hita ko gas ko gawayi. Idan ka ɗaga waccan iskar zuwa digiri 55, danshinta yana komawa kusan kashi 22, kuma tana busarwa sosai. Matsalar tana wajen kuɗi. Iskar tana bi ta kan kaya sau ɗaya, ta kwashi ruwa, a hura ta waje da duk zafin da ka saya. Ruwa yana buƙatar ƙarfi mai yawa kafin ya zama tururi: ko da ba a yi asarar komai ba, yunit ɗaya na hita ba zai turarar da fiye da kusan lita ɗaya da rabi ba. A aikace kuwa, da asarar bango da ta iskar da ake zubarwa, yawancin injinan hita ba sa kai lita ɗaya.

Yadda hit-fam, wato inji mai kwamfiresa, yake yi

Kayan cikinsa su ne dai na firij da na iyakwandishan: kwamfiresa, kwayil (wato nannaɗaɗɗen bututun da gas ke bi) mai sanyi, kwayil mai zafi, da ƙaramin bawul da ke matse gas tsakaninsu. Bambancin shi ne an saka kwayil ɗin biyu a hanyar iska guda, ɗakin kuma a rufe yake ruf. Fanka tana tura busasshiyar iska mai zafi ta tsakanin farantai. Iskar ta kwashi ruwa daga jikin kaya, ta huce kaɗan, ta yi nauyi da danshi. Daga nan ta bi ta kwayil mai sanyi, sai ruwan ya kwanta a jikinsa kamar yadda kwalbar ruwan sanyi take zufa a rana, ya ɗiga a tasa, ya fita ta bututu. Zafin da tururin ya saki lokacin da ya koma ruwa bai ɓace ba: gas ya kwashe shi, kwamfiresa ta matsa gas ɗin, ta kai shi kwayil mai zafi, inda iskar nan da ta bushe take sake ɗaukar zafinta ta koma kan kaya. Zafi ɗaya ake ta juyawa, wutar da kake biya ta juya shi ce. Shi ya sa irin waɗannan injina suke ba da tsakanin lita 1 zuwa 4 a yunit, gwargwadon ƙira da irin kaya da matakin da bushewa ta kai. Ni idan ina yi wa mutum lissafin kasuwa, lita 2 nake ɗauka a matsayin matsakaici na zubi guda daga farko zuwa ƙarshe, don kada a yi buri da yawa.

Amfani na biyu ya fi fitowa a ganye. Idan kwayil mai sanyi ya sauke iska zuwa digiri 15, ruwan da ya rage mata kusan giram 11 ne a kilo, rabin na iskar waje. Ka ɗumama ta zuwa digiri 40 kacal, danshinta kusan kashi 23 ne. Iskar Legas da aka ɗumama zuwa digiri 40 da hita kuwa tana nan a kusan kashi 46. Ma'ana mai kwamfiresa yana busarwa a ɗan ɗumi abin da mai hita sai ya kai 55 yake yi, kuma wannan ne yake bar wa zogale da ugu da alayyahu korensu da ƙamshinsu.

Abu biyu a ƙirar inji ka duba da idonka. Na farko, tunda ɗakin a rufe yake, wutar da kwamfiresa da fankoki suke sha tana zama ƙarin zafi a ciki, zafin ya yi ta hawa. Dole a sami hanyar zubar da rarar: ko ƙaramin kwayil a waje da fankarsa, ko ƙofar iska mai buɗe kanta. Injin da ba shi da wannan, kwamfiresarsa za ta riƙa kashe kanta tana tashi, ta mutu da wuri. Na biyu, a inji mai kyau ba duk iskar ba ce take bi ta kwayil mai sanyi. Ana barin wani kaso ya kewaye, domin idan iska ta yi yawa a kan kwayil ɗin ba ta yin sanyin da zai sa ta saki ruwa, sai ka ga kwamfiresa tana ta aiki bututu kuwa ɗigo-ɗigo.

Lissafin ruwan da ke cikin kaya

Wannan shi ne lissafin da nake so ka riƙe, don da shi za ka auna duk maganar mai talla. Ɗanyen tumatir kusan kashi 94 zuwa 95 nasa ruwa ne. Ɗauki kilo 100 mai kashi 94: tsokar da ba ruwa ba kilo 6 ce. Idan za a busar da shi har danshinsa ya sauka zuwa kashi 10, nauyin ƙarshe shi ne 6 a raba da 0.9, wato kilo 6.7. Ruwan da inji zai cire lita 93 ke nan. Ƙa'idar ita ce: ka cire danshin farko daga 100, ka cire danshin da kake so daga 100, ka raba na farko da na biyu, ka ninka da nauyin kaya.

Ka lura da abin da kashi ɗaya tak yake yi. Idan tumatirin mai kashi 95 ne, tsokarsa kilo 5 ce, busasshen da za ka samu kilo 5.6. Kuɗin saye ɗaya, kuɗin wuta ɗaya, amma ka rasa sama da kilo ɗaya. Saboda haka dogon tumatir mai tsoka, irin Roma da wanda ake kira UTC a kasuwa, shi ne na busarwa, mai ruwa-ruwan nan na damina bai dace ba.

Sauran kaya sun fi sauƙi. Attarugu da albasa da kuɓewa suna kusa da kashi 88 zuwa 90. Attarugu kilo 100 mai kashi 88 zai ba ka kusan kilo 13, a cire lita 87. Albasa ana sauke ta ƙasa, kashi 5 zuwa 6, idan gari za a yi, ita ma kusan kilo 13. Ganyen zogale da aka tsige yana wajen kashi 75, sai ya ba da kusan kilo 27 daga 100.

Yanzu ka haɗa da wuta. A lita 2 kowane yunit, tumatir kilo 100 zai ci kusan yunit 47. Idan kana so ya gama a awa 16, injin sai ya riƙa fitar da kusan lita 6 a awa, yana jan kusan kilowat 3 har da fankoki. To kilo 200 da aka ce maka, idan tumatir ne, lita 186 ne, wato kusan lita 12 a awa da kilowat 6. Ka duba farantin ƙarfen da ke jikin injin. Idan an rubuta kilowat 2 ko 3, kilo 200 na tumatir zai haura kwana guda, kuma awannin farko su ne masu haɗari: ɗaki mai ɗumin digiri 35 zuwa 40 cike da danshi, babu abin da ƙwayoyin tsami suke so kamarsa. Gara ka zuba rabi ya bushe da kyau.

Ka kuma tambayi a wane yanayi aka auna litar da aka rubuta. Masu ƙera inji sukan auna ne a iska mai danshi sosai, inda kwayil ya fi ɗiga. Lambar gaskiya ce, amma ta awannin farko ce kawai.

Saurin ba ɗaya ba ne daga farko zuwa ƙarshe

A awa uku zuwa biyar na farko fuskar yankakken kaya a jiƙe take, ruwa yana fita da sauri, kuma abin da yake iyakance shi ƙarfin kwamfiresa ne da yawan iska. A nan bututu yake zuba, a nan yunit ɗinka ya fi yin aiki, yana iya kai lita 3 ko fiye. Da zarar fuskar ta bushe, sai ruwan ciki ya yi tafiya ta cikin tsoka kafin ya fito, saurin ya fara sauka, ya yi ta sauka. A awannin ƙarshe za ka ga bai kai lita ɗaya a yunit ba. A wannan matakin ƙara gudun fanka ba ya ƙara komai sai kuɗin wuta, kaurin yanka da zafi su ne suke da ta cewa.

Nauyi yana yaudara a nan. Tumatir kilo 100 da ya koma kilo 50, rabin nauyinsa ya tafi, amma danshinsa har yanzu kashi 88 ne, domin kilo 44 a cikin 50 ɗin ruwa ne. Ko da ya koma kilo 13, fiye da rabinsa ruwa ne. Masu kwashewa da wuri saboda sun ga ya motse, su ne kayansu suke yin fumfuna a leda bayan mako biyu.

Hanya uku ake bin sawun bushewa, kuma ba su buƙatar kayan tsada. Ka ajiye bokiti mai alamar lita a bakin bututu, kana rubuta abin da ya taru kowace awa tare da karatun mita. Ka ware faranti ɗaya na gwaji da ka san nauyin kayansa: idan kilo 5 na tumatir ka zuba, abin da kake jira giram 330 zuwa 340. Sannan ka sa ma'aunin zafi biyu, ɗaya inda iska take shiga farantai, ɗaya inda take fita. Duk saukar digiri kusan biyu da rabi tana nufin kowane kilo na iska ya kwashi giram ɗaya na ruwa. Da farko za ka ga tazarar digiri 10 ko fiye, idan ta koma 2 zuwa 3 an kusa gamawa.

Bokitin yana tona wani asiri kuma. Idan ruwan da ya taru ya fi nauyin da kaya suka rasa, iskar waje tana shiga ta bakin ƙofa ko ta ramin waya, kana biyan kuɗi kana busar da iskar Legas. A gyara robar ƙofa, a toshe ramuka, bututun ruwa kuma a yi masa lanƙwasa mai riƙe ruwa don kada ya zuƙo iska.

Dabara biyu suna rage asarar awannin ƙarshe. Ɗaya ita ce hutu: bayan kaya sun rasa yawancin ruwansu, a kashe kwamfiresa minti 20 zuwa 30 a kowace awa ko biyu, ƙofa a rufe, ruwan ciki ya fito fuska, sannan a tayar. Lokacin bushewa ba ya ƙaruwa sosai, wuta kuwa tana raguwa. Ɗayar ta masu inji mai kura biyu ko uku ce, wato keken da ake jera farantai a kai: kurar da ta kusa bushewa a matsar da ita inda busasshiyar iska take shigowa, a sa ɗanyen kaya a wajen fita. Ta haka kwayil mai sanyi kullum yana samun iska mai danshi. Sai dai kaya iri ɗaya za a haɗa, don warin albasa ba ya barin zogale.

Yanka, zafi da jeri

Tumatir a yanka shi kaurin milimita 5 zuwa 6, a zafin digiri 55 zuwa 60, yakan ɗauki awa 14 zuwa 20. Idan aka kwashe 'ya'yan da ruwan tsakiya aka bar shi ya tsane a raga rabin awa, an rage wa inji aiki mai yawa kyauta. Albasa milimita 3 zuwa 4, digiri 50 zuwa 55, idan ta wuce 60 tana yin ja-ja saboda sukarin jikinta. Kuɓewa da citta su ma 50 zuwa 55. Ganye 40 zuwa 45, kuma awa 4 zuwa 8 sun ishe shi idan ba a cika shi ba.

Attarugu da tattasai su ne suka fi wahalar da sababbin shiga. Fatarsu tana da maiƙo mai hana ruwa fita, saboda haka gudansu yana iya kwana biyu a inji, waje ya yi kyau ciki yana ruɓewa. A tsaga su biyu, a kwantar da su cikinsu yana kallon sama, sai lokacin ya ragu sosai, awa 16 zuwa 24 a digiri 55. Masu yanka su sa safar hannu, wurin kuma ya sami iska.

Kada a fara da zafi mai yawa don gaggawa. Fuskar kaya takan ƙandare ta rufe ruwa a ciki, ka taɓa ka ji ƙarau, ka karya ka tarar da laushi. A kan jeri kuwa, shimfiɗa ɗaya ake yi ba a ɗora wani kan wani ba, kusan kilo 4 zuwa 6 na yankakken kaya a kowace murabba'in mita, ganye kilo 1 zuwa 2. Tazarar faranti da faranti santimita 8 zuwa 10, gudun iska mita 1 zuwa 2 a daƙiƙa. Kowane inji yana da lungun da iska ba ta kai wa sosai, yawanci sama ko ƙasa ko bakin ƙofa, don haka a juya farantai sau ɗaya ko biyu, amma da hanzari, kowace buɗe ƙofa danshi take shigarwa. Farantan su zama na bakin ƙarfe mara tsatsa, lamba 304, ko ragar roba ta abinci. Tsamin tumatir yana cin ƙarfen da aka shafa wa tutiya da kuma alminiyam.

Karas da wasu ganyaye suna son a tsoma su a tafasasshen ruwa minti ɗaya zuwa uku, a sanyaya, kafin busarwa, launinsu ya fi zama. Albasa da tumatir da attarugu ba sa buƙata. Kuɓewa ni na fi son a bar ta haka, domin yauƙinta ake saye.

Akwai abin da ba na so ya wuce ka, Alhaji. Zafin digiri 40 zuwa 60 a busasshiyar iska ba tafasa ba ne, ba za a dogara da shi ya kashe ƙwayoyin cuta ba, wasunsu ma suna daɗewa a busasshen yaji. Fasasshen tumatir da ya fara wari a gindin kwando, idan ya shiga inji ruɓaɓɓe zai fito, bushewa kawai ya yi. Kayan da suka nuna sosai, ko ƙanana, ko masu mummunar siffa amma lafiyayyu, su ne ribar wannan sana'a. A tsince, a wanke da ruwa mai tsafta, a tsane.

Bayan an gama, a bar kaya su huce a cikin injin da ƙofa a rufe, sannan a ƙulle su nan take. Busasshen kaya a iskar Legas yana fara shan danshi cikin awa ɗaya, garin albasa ya dunƙule, ganye ya yi laushi. Siririyar leda tana barin danshi ya ratsa, a nemi mai kauri ko mai shafin alminiyam a like bakinta. Yana da kyau a fara zuba su a babban mazubi mai murfi na kwana uku zuwa biyar ana girgizawa. Idan raɓa ta fito a jikin murfi, su koma inji.

Wuta da gyara

Kwamfiresa ba ta son wasa da wuta. Lokacin tashi takan ja ninki uku zuwa shida na abin da take ja tana gudu, don haka janaretan da ya yi daidai da kilowat ɗin da aka rubuta ba zai tayar da ita ba, sai an ba shi rata mai yawa, ko a nemi inji mai inbata wanda yake tashi a hankali. A sa mata na'urar da ke yanke wuta idan ta yi ƙasa ko sama, da jinkirin minti 3 kafin ta sake tashi. Manyan injina wuta mai layi uku suke so, ka tabbatar shagonka yana da ita kafin ka biya. Idan wuta ta ɗauke a awannin farko kuma babu janaretan da zai tayar da kwamfiresa, kada a bar ƙofa a rufe: a buɗe, a kunna fanka ko da da ƙaramin janareta ne.

Ka tambayi gas ɗin da ke ciki. R134a yana jure zafin 60 da ɗan sama ba tare da matsi ya yi yawa ba. Gas ɗin iyakwandishan na gida, R410A da R32 da tsohon R22, matsinsu yana hawa sosai idan ɗaki ya yi zafi. Shi ya sa masu haɗa injin gida da tsohuwar iyakwandishan suke tsayawa a wajen digiri 45 zuwa 50. Irin wannan haɗin yana yi wa ganye, amma tumatir mai yawa ya fi ƙarfinsa. R290 yana aiki da kyau, sai dai yana kama wuta, ba kowane mai gyara ne zai taɓa shi ba.

Idan ka ga ƙanƙara a kwayil mai sanyi, to ko dai gas ya ragu, ko ƙura da ɓawon albasa sun toshe shi iska ba ta wucewa. Ragar tace iska a wanke ta bayan kowane zubi. Tururin albasa da na tumatir suna cin kwayil a hankali, iskar teku kuma tana cin na waje, saboda haka kwayil mai shafin kariya ya cancanci ƙarin kuɗinsa a garin nan. Bangon ɗaki ya zama irin allon ɗakin sanyi mai kumfa a tsakiya, kaurin milimita 50 ko fiye. Abin farin ciki, masu gyaran firij da ɗakin sanyi sun san duk waɗannan kayan, kuma ana samun su a Alaba. Allon sarrafawa ne yake da wuyar samu, ka tambayi mai sayarwa ko yana da na canji a ƙasa.

Zai fitar da kuɗinsa?

Ya danganta da abin da za ka zuba masa. Raba yunit da kilon busasshen kaya: tumatir yana cin kusan yunit 7 a kowane kilo, attarugu 3 da ɗan wani abu, zogale bai kai ɗaya da rabi ba. A Afrilun 2024 an kai kuɗin wutar masu Band A, waɗanda aka yi wa alƙawarin awa 20 a rana, naira 225 a yunit, daga baya ya ɗan sauko. A wancan farashin, wutar tumatir kilo 100 ta haura naira 10,000. A janareta kuwa litar dizal ɗaya tana ba da kusan yunit 3 idan an ɗora masa kaya daidai, wato kusan lita 16 a wannan zubin. Ka sa farashin yau ka gani da kanka.

A ganina tumatir shi ne mafi raunin riba. Kilo 15 na ɗanye ne yake ba da kilo ɗaya, an riga an biya masa kuɗin mota daga Arewa, kuma lokacin da ya fi araha, wato rani, shi ne lokacin da ake shanya shi kyauta a can. Idan kasuwar buhu za ka kai shi, ba za ka iya gasa da kauɗa ba. Yana fita ne kawai idan kana da masu saye da za su biya tsafta da jan launi: manyan shaguna, otal-otal, masu haɗa garin miya, masu aika kaya waje. Attarugu da citta da kuɓewa da ganye sun fi shi nesa, ruwansu bai kai nasa ba, busasshensu kuma yana da daraja. Inji kuma sai yana aiki yawancin shekara yake biyan kansa, don haka ka tsara abin da zai ci wata-wata, har da busarwa ga wasu a biya ka. Idan za ka ƙulla a leda da sunanka, rajistar NAFDAC tana gabanka, kuma gwajin danshi na gaske a ɗakin gwaji, irin na FIIRO, cibiyar binciken masana'antu ta tarayya da ke Oshodi, yana da amfani ko da a zubin farko ne, don ka daidaita farantin gwajinka da shi.

Alƙaluman da na ba ka na tsaka-tsaki ne, irin tumatir da kaurin yanka da ƙirar inji suna motsa su sama ko ƙasa, kuma hukuncin wannan injin da aka kawo maka sai an gan shi yana aiki. Saboda haka kafin kuɗi su bar hannunka, ka nemi a yi zubi ɗaya cikakke da kayanka, ba da rabin farantai ba. A auna kaya a sikeli kafin da bayan, a sa mita ta daban a kan injin, a ajiye bokiti, yaronka ya zauna yana rubuta lita da yunit kowace awa. Ka raba nauyin da kaya suka rasa da yunit ɗin da aka ci. Idan ya kai 2 ko fiye, kuma farantan sama da na ƙasa sun bushe kusan tare, injin kirki ne. Idan ya tsaya a 1 ko ƙasa, akwai yiwuwar hita ce a ciki take yin yawancin aikin, sai ka sa mai gyaran firij ɗinka ya buɗe bayansa ya duba.